Cibiyar Ɗan Fari a Birnin Randuna

A can wani zamani, lokacin da kowace rijiya take da baki biyu, ɗaya na mutane ɗaya na mutanen ɓoye, an yi wata mata a ƙauyen Rafin Gawo ana ce da ita Tasalla. Kaɗi ne sana'arta, amma ba da zare aka san ta ba, da kunya aka san ta. In ana son a yi wa sabuwar uwa faɗa, sai a ce ta je ta ga yadda Tasalla take yi da ɗanta na fari.

Ɗan nan sunansa Uzairu. Ni na faɗa, don ba ni na haife shi ba. Ita kuwa shekara talatin da ɗaya sunan bai taɓa ratsa haƙoranta ba. Tun da aka yaye shi kakarsa ta ɗauke shi, ita yake kira Inna, uwar da ta haife shi kuma ya tashi yana ce mata Yaya. In ya shigo gida ta juya masa ƙeya, in ya gaishe ta ta amsa wa bango, in ya zama dole ta ambace shi ta ce "wancan". Mata suna yabo tana sunkuyar da kai. Ba wanda ya san tun daga bakin zaure take gane takunsa, ko cewa in ya yi tari a bayan katanga zare yakan tsinke a hannunta.

Haƙar rijiya ce aikin Uzairu. Wata Laraba da hantsi rijiyar da yake haƙa a bakin fadama ta rufta da shi. Aka tono shi, aka yi masa sutura, aka kai shi makwancinsa. Gida ya cika da kuka, Tasalla tana ƙuryar ɗaki idonta a bushe, don uwa ba ta yi wa ɗan fari kuka a gaban jama'a. Aka sake yabonta. Wannan yabon ya ci mata rai fiye da yadda baki zai iya faɗa, domin abu ɗaya take so a duniya, kuma ya wuce ta: ta dubi fuskar yaron nan ta kira sunansa, ko da sau ɗaya ne.

Washegarin sadakar arba'in ta buɗe adudunta, ta ciro wani ƙullin tsumma daga can ƙasa. Busasshiyar cibiyarsa ce, wadda ta faɗi yana da kwana shida, ta ɓoye ba wanda ya sani. Ta ƙulle ta a bakin zane, ta ɗauki mazarinta don kada a tambaye ta ina za ta, ta nufi rusasshiyar rijiyar da sassafe. Niyyarta ta leƙa ta faɗi sunan a ciki. Ta leƙa, ta buɗe baki, sunan ya ƙi fita.

"Ke 'yar Adam, me kike nema a ƙofar gidanmu?"

Ta ɗaga kai, sai ga wata doguwar tsohuwa zaune a kan tulin ƙasa, rana ɗaya ce a sama amma inuwarta biyu. Tasalla ta durƙusa, ta ce, "Ranki ya daɗe, ban san ƙofa ba ce. Ɗana ne ya rasu a nan."

Tsohuwa ta ce, "Wanda ya rasu ya koma ga Mai shi, hannunmu ba ya kaiwa can. Amma ina jin ƙanshin cibiya a zanenki. A ƙarƙashin ƙasar nan akwai Birnin Randuna, inda masananmu suke dasa mutum kamar yadda kuke dasa rogo: a yanki kara, a kafa, ya fito da irin ganyen uwarsa. In kina da ƙafar zuwa, ga hanya."

Da wata ce da ta nemi tsari ta ruga gida. Tasalla ta ɗaure zanenta tamau ta sa ƙafa.

Ƙasa ta buɗe mata matakala, ta yi ta sauka har ta daina jin gwiwoyinta. Ta ɓulla wata ƙasa inda rana take tsaye a hantsi, ba ta gaba ba ta baya. Ta wuce garken awaki, duk ja ne masu farin goshi, ɗaya in ta ɗaga kai sai duk su ɗaga. Ta wuce gonar da kowace bishiya take da reshe bakwai, na bakwan ya karkata gabas. Ta bi ta tsakanin tururuwa masu girman jakai suna jigilar yashi, ta maƙale a jikin dutse har suka shige. Ƙishirwa ta kama ta, ta sha daga wani tafki, sai ta ga fuskarta goma sha biyu a ciki suna sha tare da ita, ta tashi ba ta ƙoshi ba.

Daga nan ta iso wani kogi da ruwansa ke gudu yana hawa tudu. A bakinsa akwai kwalekwale, da mai fito, jikinsa na mutum kansa na zalɓe.

Ta ce, "Salamu alaikum, mai jirgi. Birnin Randuna za ni."

Ya karkata dogon wuyansa ya ce, "Aminci ga mai sallama. Ba na ƙetarar da kowa sai ya ba ni abin da ba shi da na biyu. A ƙasar nan komai yana da ɗan'uwa, har ni, mu arba'in ne a bakin kogin nan. Me kika zo da shi?"

Ta laluba. Cibiya ba ta bayuwa. Sai ta miƙa masa mazarin, wanda ta gada daga uwarta, da sawun haƙorin ƙanenta a jiki tun yana rarrafe. Mai fito ya juya shi ya sake juyawa, ya shafa wurin cizon da ɗan yatsa. Sa'an nan ya ce ta shiga.

Suna tsakiyar ruwa ya ce, "Tun da kin ba ni abin kirki, zan ba ki magana. Gabanki akwai Kurmin Kira. Duk wanda kika rasa zai kira ki a ciki. In kika amsa ko kika waiwaya, nan za ki tsaya. Uwaye dubu na ƙetarar, ban ji labarin wadda ta fita ba."

Kurmin yana da sanyi, kuma cike yake da duwatsu masu siffar mata, kowace ta juya wuya tana duban baya. Tasalla ba ta yi taku goma ba ta ji shi.

"Yaya."

Muryarsa ce, ba ta rage komai ba.

"Yaya, ƙasa ta danne ni. Yaya, ki juyo mana, hannuna yana nan a waje."

To, masu kurmin sun shirya wa uwaye irin na ko'ina, ba su shirya wa uwar ɗan fari ta Rafin Gawo ba. Tasalla ta yi abin da ta fi iyawa a duniya: ta ba shi ƙeya ta ci gaba da tafiya. Sai dai a nan ne ta yi kukan da ba ta yi a gida ba, tana tafe tana yi, fuskarta a gaba, muryar tana binta tana roƙo har bakin kurmi. Da ta fita ba ta ji ta ci nasara ba. Ji ta yi ta sake yi masa abin da ta saba.

Ganuwar Birnin Randuna ta gasasshen yumɓu ce. A ciki, iyakar ganinka randuna ne a jere, kowace ta fi mutum tsawo, masana suna yawo a tsakaninsu da dogayen ludaya da alluna, suna ɗanɗana ruwa suna rubutawa. Ba wanda ya dube ta sau biyu. Aka kai ta wani babban soro gaban shugabansu, Magajin Randa. Aljani ne mai tsabta da ladabi, idonsa ɗaya babba ɗaya ƙarami, da ƙaramin yake ganin abin da ya fi ƙwayar ƙura ƙanƙanta. Ba mugu ba ne. Ni abin da ya fi ba ni tsoro a labarinsa ke nan.

Ya ce, "Maraba da wadda ta fita Kurmin Kira da ƙafarta. Faɗi buƙatarki."

Ta kwance ƙullin ta ajiye a gabansa. "Allah ya ja zamaninka, an ce kuna halitta mutum."

"An faɗa miki ba daidai ba. Halitta ta Mai halitta ce, mu dashe muke yi. A cikin kowane ɗigon jini da kowane silin gashi akwai rubutun mutum gaba ɗayansa, mu kuwa mun shekara dubu muna koyon karanta shi. Mukan sa yanki a randa, jiki ya tashi cikakke, da ƙarfinsa da harshensa. Rai in jiki ya kammala yakan zo da kansa. Ba mu san daga inda yake zuwa ba, ba mu kuma tsaya tambaya ba."

"Zai fito kamar shi?"

"Kamar yadda tafin hannunki yake kamar tafin hannunki. Ga sharaɗi. In ya fito kika gamsu, ki kira sunansa, aiki ya rufe, ku tafi tare. In ba ki gamsu ba, ki faɗi abin da ya rage, mu sake. Ba ki fita garin nan sai aiki ya rufe. Kin yarda?"

Ta yarda. Akwai tambaya guda da ya kamata ta yi a wurin, ba ta yi ba, don zuciyarta tana kan randa.

Tun da rana ba ta faɗuwa a garin, ganga ake bugawa a ce kwana ya cika. Aka yanki kashi ɗaya cikin huɗu na cibiyar aka sa a randa. Ganga bakwai, aka zaunar da Tasalla a soro, aka ce ga shi nan tafe. Tana jin motsi a bakin ƙofa wuyanta ya juya da kansa, ta ja mayafi ta fuskanci bango. Shekara talatin da ɗaya ba wasa ba ce. Kuma ko da ta duba, da me za ta gwada? Ba ta san fuskar ɗanta ba yadda za ta rantse a kai. Da kunne ta san shi, saboda haka ta kasa kunne.

Taku ya shigo, daidai wa daida, ƙafa biyu lafiyayyu. Ta girgiza kai, aka fita da shi.

Magaji ya ce, "Me ya rage?"

"Nawa yana ɗingisa ƙafar hagu. Yana shekara tara ya faɗo daga kan giginya."

Ya rubuta a allo ya ce, "Za a gyara."

Aka sake yanka, aka sake jira. Na biyu ya shigo yana jan ƙafar hagu, ta ce a ranta shi ne. Amma da ya tsaya a bayanta sai ta ji numfashinsa wasai, ba ko ƙaiƙayi. Ta girgiza kai. Da aka fita da shi ta ce, "Nawa yana tari. Ƙurar rijiya ta zauna masa a ƙirji."

"Za a gyara."

Na uku ya zo da ɗingishi, ya zo da tari, irin busasshen tarin nan mai fita biyu-biyu. Hawaye ya zubo mata, ta fara haɗa sunan a baki. Sai ya ce, "Sannu, baiwar Allah." Ta runtse ido ta girgiza kai. Ta gaya wa Magaji cewa nata Yaya yake ce mata, kuma kafin ya gaishe ta sai ya yi gyaran murya sau biyu, don ya ba ta lokacin juya baya.

Magaji ya ce, "Saura yanki ɗaya. Wannan karon ba za a sami kuskure ba."

Tana cikin jiran na huɗu, ganga ta biyar, tana zagaya bayan randuna don zama ya ishe ta, sai ta ji tari a bayan wata katanga. Ƙafafunta suka tsaya. Ta bi jikin katangar har ta sami wata gajeriyar ƙofa, ta sunkuya ta shiga.

Fili ne ba inuwa, da tabarma ɗaya. Mutum uku suna ciki. Ta juya dama don ta kau da kai, ga fuskar. Ta juya hagu, ga ta. Ba bangon da za ta amsa wa. A nan Tasalla ta ga fuskar ɗanta, sau uku a lokaci ɗaya. Ashe yana da wushirya irin tata. Ashe girar mahaifinta ce a goshinsa. Shekara talatin da ɗaya abin nan yana shiga gidanta yana fita, ba ta sani ba.

Ɗaya lafiyayye ne, yana durƙushe yana ɗaure wa na biyu ƙafa da kara da tsumma. Na uku yana jingine da katanga, tasa ƙafar a miƙe, yana tari. Ba su gane ta ba, don bayanta kawai suka taɓa gani.

Lafiyayyen ya ce, "Sannu, Iya. Ke ma ragowa ce?"

"Mene ne ragowa?"

"Mu. Waɗanda aka ce ba su ne ba. Nan ake ajiye mu."

Ta tsuguna kusa da na biyu, ta dubi ƙafar. Ta kumbura ta yi baƙi. Ta ce, "Ɗan nan, haka ka fito daga randa?"

Ya ce, "A'a, Iya, da lafiyayyar ƙafa na fito. Har na yi gudu a tsakanin randuna, na ji daɗinsa. Sai aka kwantar da ni, aka ɗora ta a kan turmi, aka buga da taɓarya. Ba da fushi suka yi ba. Sun ce wadda ta sa a yi mu haka take so."

Na uku ya jira tari ya lafa ya ce, "Ni bayan ƙafar, rami aka sa ni ana zubo toka da ƙura, ganga uku. Da na fara tari suka ce madalla." Ya dube ta da idon mahaifinta. "Iya, ke da kike yawo a gari, kin san matar? Muna ta tunani mu uku, mun rasa abin da muka yi mata."

Tasalla ba ta san yadda ta fita daga filin ba. Ta dai sami kanta a soro, mayafi a hannu, tana tsaye a gaban Magajin Randa ba durƙuso ba gaisuwa.

"Ku kuka karya musu ƙafa."

Ya ajiye allonsa cikin natsuwa. "Kin faɗi abin da ya rage, mun cika. Rubutun jini ba ya ɗauke da ɗingishi, ba ya ɗauke da tari. Waɗannan duniya ce take rubuta su a jikin mutum a hankali. Ba mu da shekara talatin, sai muka rubuta da hannu."

"Ba ku ji kukansu ba?"

"Mun ji. Yana cikin allo, da tsawonsa da ƙarfinsa."

"Da kun tambaye ni."

"Ke ma ba ki tambaye mu ba, 'yar Adam. Sau uku kina girgiza kai, ba ki ce ina za a kai wanda ya fita ba. Mu abin da aka sa mu shi ne mu gano ko abu zai yiwu. Ko ya kamata, wannan mun ɗauka masu zuwa da cibiya su ne suke zuwa da shi."

Maganar ta shige ta har ƙashi, don gaskiya ce. Ta ce, "To a tsaya da na huɗun. Kada a taɓa shi."

"An gama da ƙafarsa tuni. Yau ya fito daga rami. Yanzu ana koya masa gaisuwa."

Sai a lokacin ta yi tambayar da ya kamata ta yi tun ranar farko. "In na kira sunan, su ukun fa?"

"Aiki ya rufe. Ragowa su koma randa su narke, ruwan ya shiga wani aikin. Ba mu yin ɓarna a garin nan."

Ganga ta bakwai aka shigo da na huɗu. Wannan karon Tasalla ba ta juya ba. Ta riƙe wuyanta da ƙarfin tsiya ta dube shi tun daga bakin ƙofa. Ya jawo ƙafar hagu, ya tsaya daidai inda Uzairu yakan tsaya, nesa kaɗan, gefe kaɗan. Ya yi tari biyu. Ya yi gyaran murya, ya sake yi.

"Yaya, barka da hantsi."

Kada wanda ya ce abin bai ja ta ba. Ya ja ta kamar guga. Ta ga kanta ta koma Rafin Gawo da shi, ya zauna a zaure, ita kuma ta tsaya a tsakar gida ta ƙwala masa kira da sunansa, matan gari su ji, su ce Tasalla ta haukace, ta ce ta ji. Sunan ya taso daga cikinta ya cika mata baki, wannan karon ba abin da ya tare shi. Kunyar ta ƙare tun a filin can.

Magaji ya ce, "Kira, ki tafi da abinki."

Sai ta ga idon saurayin ya zame daga kanta ya koma kan Magaji, a tsorace, yana neman ya ga ko ya faɗi gaisuwar daidai. Ta dubi ƙafarsa, tsumman da aka ɗaure ta da shi bai bushe ba. Wannan kwanansa bakwai a duniya, bai taɓa ganin giginya ba, bai taɓa shiga rijiya ba, an ba shi ciwon wani ya ɗauka. Nata yana can ƙarƙashin ƙasar Rafin Gawo, ba kuma zai ji ba ko ta kira har muryarta ta dishe.

Ta haɗiye sunan. Ta ji saukarsa kamar garwashi.

"Allah ya ja zamaninka, in ban kira ba fa?"

Magaji ya buɗe babban idonsa. "Aiki bai rufe ba. Ragowa suna nan, ke ma kina nan har ajalinki. In kika mutu ba ki kira ba, aikin ya zauna a buɗe, ba mai ikon rufe shi, ba mai taɓa su. Amma ki sani, duk inda sunan nan ya fita daga bakinki a ƙasar nan, ko a waƙa, ko a addu'a, ko a gigin zazzaɓi, ya rufe. Don ki kira shi kika ratso kogi da kurmi. Za ki iya?"

Ta ce, "Na yi shekara talatin da ɗaya ina yi don mutane su yaba. Zan gwada yi don wani abu."

Magaji ya jawo allonsa ya rubuta, don bai taɓa ganin irin wannan ba, kuma duk abin da bai taɓa gani ba yana burge shi. Bai ce a daina dashe ba, bai ce a fasa randa ko ɗaya ba. Wanda yake jiran in ce aljani ya tuba sai ya nemi wani labarin.

Tasalla ta sa kafaɗarta a ƙarƙashin hammatar na huɗu, ta tallafe shi har gidan ragowa. Ta zaunar da shi a tabarma. Sa'an nan ta durƙusa a gabansu su huɗu, ta ce, "Matar da kuke tambaya, ni ce. Ba ku yi mini komai ba. Ni na ce ɗingishi, ni na ce tari. Ban san abin da za a yi muku ba, amma ban tambaya ba, laifin yana wuyana."

Ta kai hannu za ta gyara ɗaurin ƙafar na biyu, ya janye ta da ƙyar yana cije leɓe, ya juya mata baya. Ta san wannan juyin, ita ta fi kowa saninsa. Ba ta matsa masa ba.

Ta roƙi masana daro da ruwan zafi suka ba ta, ta sami ganye a bayan ganuwa ta dafa wa masu tari. Ta kafa rumfa da karan da ta tsinto. Ba rago, ba wanzami, ba maroƙi, amma ta raɗa wa kowa suna a kunne, nasa na kansa. Lafiyayyen ta ce Mamuda. Na uku ta ce Ayuba. Na huɗu ta ce Ilyasu. Na biyu ya ƙi ba ta kunne har ganga goma sha tara, ran nan ƙafar ta hana shi sakat, ya miƙo mata ita ba tare da ya dube ta ba. Tana gasawa ta ce masa Shu'aibu, bai amsa ba, bai kuma ce a'a ba. Tana kiran sunayen nan da ƙarfi, da dalili da babu dalili, har masana suka kai ƙara wai tana hana su lissafin ruwa.

Ilyasu ne ya daɗe bai saki jiki ba. In zai yi mata magana sai ya yi gyaran murya sau biyu, ta ce ya bari, ya ce ba ya iya bari. Wata rana tana tsefe auduga a bakin rumfa, su huɗun suna zaune kewaye da ita, ya matso ya ce, "Iya, in tambaye ki?"

"Tambayi, Ilyasu."

"Wanda aka so mu zama ɗin nan. An koya mini takunsa, an koya mini gaisuwarsa, amma ba a gaya mini sunansa ba. An ce ke za ki faɗa, in na ji in amsa. Ya sunansa?"

Sauran ukun suka ɗago. Fuska huɗu, duk tasa, suna jiran ta. Abin da ta baro gida dominsa ke nan, ga shi an ajiye mata a gaba, har ana roƙonta. Ta dube su ɗaya bayan ɗaya, ba ta kau da kai ba. Leɓenta ya motsa, ta danne shi da haƙori har ta ji gishirin jini.

Ta ce, "Ɗan fari ne. A garinmu ba a faɗa."

Ta sunkuya ta ci gaba da tsifar audugarta, hawaye yana sauka a kai.

Iyakar abin da ya iso kunnena ke nan. Allah ya jiƙan na cikin ƙasa, ya sanyaya zuciyar waɗanda suka bari.